Motar da Ba Ta Sallama

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Waɗanda suka san ni za su gane ni ko babu suna, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara masu komai ba.

A lokacin da abin nan ya faru, ni ɗan kasuwa ne mai sayar da maganin dabbobi da na feshin gona. Ina da shago a kasuwar Sabon Birni, ina da wani ƙarami a Isa, kaya kuwa da kaina nake zuwa Sakkwato in ɗauko. Matata malamar firamare ce, muna da yara, muna cikin rufin asiri daidai gwargwado. Halina guda da kowa ya sani shi ne ji da wayo. Ni ne mai bugun ƙirji cewa ba a taɓa tare ni a hanya ba don na fi 'yan bindiga lissafi. In aka ce an ɗauke wane, kafin in ce Allah Ya kuɓutar da shi sai na fara cewa ai shi ma da nashi sakaci. Allah Ya yafe mani wannan baki nawa. Mahaifina yana zaune a ƙauyenmu, can gefen Gangara. Idonsa ya tafi a hankali tun shekarun baya, har ya zama ko rana sai dai ya ji zafinta a fuska. Na yi, na yi ya dawo cikin gari wurina, ya ce shi inda aka rufe Inna, mahaifiyarmu, nan za a rufe shi. Matar ƙanena ke kula da cimarsa, ni kuma ina leƙa shi duk lokacin da hanya ta ɗan yi sanyi.

Kafin in shiga maganar sabuwar mota, sai na faɗi yadda tsohuwar take, don a nan komai ya ƙullu. Wata tsohuwar akwala ce mai fasasshiyar salansa, wadda tun daga kwanar shiga ƙauye ake jin zuwanta. Baba ya san muryarta fiye da yadda ya san tawa. Kafin in tsaya ya riga ya sa an shimfiɗa tabarma, yana tsokanata cewa motata ta fi ni ladabi, don ita ke fara yin sallama. Idan za ni tafi kuma, abin da kowane direba ke yi a wajenmu nake yi, wato in tayar da inji in bar shi ya ɗumama. Wannan ƙarar ita ce sanarwa. Awakin da suka kwanta a ƙarƙashi su fito suna miƙa, kaji su watse, mai zaune a jingine ya tashi ya kaɗe rigarsa. Babu mai zagaya mota yana leƙe-leƙe, don inji ya riga ya gaya wa kowa. A cikin wannan ɗan jiran ne Baba zai taho da sandarsa, ya lalubo murfin inji ya ɗora hannu, ya yi mani addu'a doguwa, ni kuwa ina cewa amin ina kallon agogo. Haka muke rabuwa kowane zuwa.

Sai duniya ta juya mana baya. Ba sai na yi wa kowa bayanin abin da hanyoyin Sabon Birni da Isa suka koma ba. Abin da ya fi harbin ma ban tsoro shi ne maganar infoma, waɗanda ke zaune cikin jama'a suna buga waya daji cewa ga wane nan ya taso. An ɗauke wani abokin kasuwancina jim kaɗan bayan ya bar ƙauyensu, ranar da dangi suka taru a ƙofar gida suna yi masa rakiya. Tun daga nan mutane suka daina faɗin ranar tafiya. Sai ka ce za ka kwana alhali ka riga ka haɗa jakarka, ka ce za ka kewaya bayan gida, daga nan sai labarinka. Ni kam na rungumi wannan sabon hali hannu bibbiyu, sai dai akwalata ba ta iya riƙe sirri, da na murza makulli duk unguwa ta san na tashi. Ga fetur ya yi tashin da kowa ya sani, wani lokacin ma da kuɗinka a hannu ba ka samun sa a wajenmu. Shi ya sa da na ji labarin ƙananan jif ɗin nan da ake ce wa haibirid, masu aiki da fetur da batir a haɗe, waɗanda cikin tanki guda ke kai mutum Sakkwato ya dawo har da saura, na ce lallai irinta za ni saya.

Mun je Sakkwato tare da matata, muka sami guda biyu a wurin wani dillali, duka 'yan Kwatano, farashinsu kusan ɗaya. Ɗaya fara ce, ta fi sabunta, kujerunta tsaf, da kyamara mai nuna baya a allo. Ɗayar ruwan toka ce, ta ɗan girme ta, da lotsawa a ƙofar baya, allon kyamararta kuma ya mutu. Wajen shan mai babu wani bambancin a zo a gani. Dukansu suna da tsayin da za su haye yashi da ramukan hanyarmu. Na kwantar da kujerun baya na auna inda kwalayen magani za su zauna, farar ta ɗan fi faɗi. Na kira makanike ya duba batir ɗin kowacce, ya ce lafiya lau, kayan gyaransu ma duk ana samu. Kai, in don hankali ne da lissafin kasuwa, farar ce zaɓi, kuma ita matata ta nuna tun kallon farko. Abin da ya fara hana ni shi ne launinta, don farar jif a hanyarmu kama take da ta jami'an gwamnati ko masu aikin agaji, ido na binta. Amma ba wannan ya yanke hukunci ba.

Da muka fita gwaji, sai na lura cewa idan farar tana tafiya a hankali, kafin injin fetur ya farka, tana fitar da wani kuka kamar na taron ƙudan zuma, in aka sa ta baya kuma kukan ya ƙaru. Ruwan tokar kuwa tsit, sai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya. Na tambayi dillalin ko farar lalura ce da ita. Mutumin nan, Allah Ya saka masa, bai ɓoye mani komai ba. Ya ce masu ƙera motar ne suka sa kukan da gangan a sababbin, saboda masu tafiya a ƙasa, musamman makafi, don su san mota na motsi kusa da su. Na yi dariya, na ce ni motar da ba ta da baki nake nema. Matata ta ja ni gefe ta tuna mani da yaran layinmu da ke wasa a ƙofar gida, ta ce ita wannan shirun tsoro yake ba ta. Na ce mata ita da ke yini a aji ba ta san abin da ke hanya ba, ta bar wa masu bin hanya zaɓin mota. Wallahi tallahi, mutumin nan ya ambaci makafi a gabana, ina da makahon uba a gida, amma ko sau ɗaya Baba bai faɗo mani a rai ba. Abin da kawai nake gani shi ne ranar da za ni sulale daga gari babu wanda ya ji. Kwana na yi ina jujjuya abin, da safe na biya kuɗin ruwan tokar, na ce allon kyamarar za ni gyara daga baya.

Ba zan yi mata ƙarya ba, motar ta yi mani aiki. Mai ya daina cinye ribata. Na koyi halinta kuma: idan na kashe na'urar sanyi, na danna maɓallin tashi na ja nan take ba tare da na taka ta da ƙarfi ba, sai in fita layi har in hau titi injin bai ce uffan ba. Wannan sirrin ban gaya wa kowa ba, don a ganina shi ne makamina. Ina jin daɗi in ji maƙwabta na cewa ba su san lokacin da na fita ba.

Zuwana ƙauye na farko da ita, na tarar da Baba zaune a zaure, har na tsaya a gabansa na yi sallama bai san na iso ba. Ya firgita, ya tambaye ni ko a ƙasa na zo. Da na ce sabuwar mota na yi, sai ya ce to ashe kunnen ma ya fara bin idon. A nan ya kamata in gaya masa gaskiya, cewa kunnensa ƙalau yake, motar ce ba ta da murya. Amma akwai mutane a zauren, ni kuma ba na son sirrina ya fita, sai na yi dariya na ce wataƙila gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ya sa na kai shi wurinta, ya shafa ta tun daga gaba har baya, ya sa albarka, sannan ya ce in tayar masa da ita ya ji muryarta don ya riƙe. Na shiga na taka ta har injin fetur ya farka ya yi gurnani. Ya karkata kai ya saurara da kyau, ya ce to ya ji, muryar 'yan birni gare ta, amma ya gane ta. Ranar, da ya shiga masallaci sallar la'asar, na sulale na tafi ban yi masa sallama ba. Daga baya ƙanena ya gaya mani cewa da tsoho ya fito ya ji na tafi, ko tuwon dare bai ci ba. Na ce a ba shi haƙuri, zamani ne ya zo da haka.

Zuwa na biyu cikin bazara ne, ana irin zafin nan da ko ƙadangare ke neman inuwa. Akwai wani babban dogonyaro a ƙofar gidanmu da Baba ke yini a ƙarƙashinsa, amma na tarar an sare shi, don mutane sun daina iya shiga daji neman itace, sai bishiyoyin cikin gari ake bi ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye motar a gefen gida, gabanta na kallon katanga. Mun gaisa da Baba, mun yi hira, na ba shi maganin ciwon gwiwarsa. Ya tambaye ni ko za ni kwana, na ce ƙwarai kuwa, sai gobe. Ya ce to madalla, a wata irin murya da ban kula da ita ba sai daga baya. Bayan azahar kowa ya shige ɗaki, gari ya yi tsit, na ga lokacina ya yi. Na leƙa zaure ban ga Baba ba, na ɗauka ya shiga ciki ya kwanta, har na ji daɗi. Na bi ta ƙofar garken awaki wadda ke fitar da mutum daidai gaban motar, na buɗe ƙofa a hankali, na rufe ta a hankali, na kashe na'urar sanyi. Na kalli madubi, babu kowa. Allon kyamara na nan baƙi ƙirin yadda na saye shi. Na danna maɓalli na sa ta baya.

Abin da na fara ji shi ne motar ta ɗan ɗaga ta baya, kamar ta hau buhu. Na ɗauka akuya ce, har na yi tsaki. Sai na ji salati. Muryar da ta yi mani huɗuba a kunne ranar da aka haife ni, ita na ji tana innalillahi daga ƙarƙashin motata. Ban san yadda na fito ba. Baba na kwance a kan buzunsa, tayar baya ta hau cinyarsa ta danne ƙugunsa, sandarsa ta karye gida biyu, carbinsa na hannunsa bai sake shi ba. Ihun da na yi ya tara duk ƙauyen da nake ɓoye wa tafiyata. Sai da maza suka taru suka ɗaga motar da hannu aka jawo shi, don a lokacin na kasa komawa bakin sitiyari.

Mai ɗorin ƙauyenmu ya zo ya taɓa, ya girgiza kai ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a nemi asibiti. Muka kwantar da kujerun bayan nan da na auna don kwalayen magani, muka shimfiɗa Baba, ƙanena ya riƙe kansa. Ni da ba na hawa hanya sai na tambayi wanda ya biyo ta, ranar ko a jikina. Na ma riƙa fatan a tare ni. Kowane rami muka faɗa sai ya yi nishi, nishin kuma ina jin sa tar, don motar ba ta da ƙarar da za ta rufe shi. A Sabon Birni aka tsayar da jini aka ce mu wuce Sakkwato. A can likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma suka gaya mana a fili cewa ƙashin ƙugu ya farfashe, kuma a shekarunsa da wuya ya sake tsayawa da ƙafarsa.

Duk wanda ya zo dubiya, Baba sai ya riga kowa magana, ya ce laifinsa ne, shi ya je ya zauna inda bai kamata ba, kada wanda ya ga laifin ɗansa. Wannan ya fi mani zafi a kan a ce ya tsine mani. Na kasa haɗa ido da shi, duk da na san ba ya gani. Matata ta zo ta yi jinya tare da mu, ba ta taɓa tuna mani da maganar da ta yi a wurin dillali ba, ko da kallo.

Wata safiya muna mu biyu a ɗakin, ina ba shi kunu, na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ya kai shi bayan mota a cikin wannan zafin, ko inuwa ya bi tunda an sare dogonyaro. Ya ce a'a, zaure ya fi can sanyi. Ya ce tun da na ce za ni kwana ya san ƙarya nake yi, don ya san muryata in ina ƙarya tun ina ƙarami. Ya san za ni gudu kamar wancan karon, kuma bai ga laifina ba, ya san abin da nake tsoro. Sai ya yi shawara a ransa cewa ba zai tona ni a gaban mutane ba, zai je ya zauna a jikin motar shi kaɗai. Da ya ji na tayar da inji, kafin ya gama ɗumama, sai ya miƙe ya ɗora hannu ya yi mani addu'a a hankali, babu wanda zai ji, in tafi abina. Ya ce ya ji ƙofa ta buɗe ta rufe, ya san ni ne, har ya fara laluben sandarsa, yana jiran muryar nan da na jiyar da shi. Sai ya tambaye ni, a hankali, ko da gaske kunnensa ne ya mutu har bai ji tashin injin ba. Na ajiye kofin kunun na faɗa masa komai, tun daga motoci biyun da abin da dillali ya ce, har ƙaryar gyangyaɗi. Daga nan ya ce alhamdulillahi, ashe kunnensa na nan. Ya nemi in miƙo kaina, ya ɗora hannu, ya yi mani addu'ar da ya je yi ranar, har ƙarshenta. Wannan karon ban kalli agogo ba.

Mun mayar da shi ƙauye don ya matsa a kai shi. Ya yi damina a kwance, ciwon kwanciya ya ci bayansa, mutumin da bai taɓa yarda a riƙe masa buta ba ya koma sai an juya shi. Kafin a fara yankan gero Allah Ya karɓi abinsa. An rufe shi kusa da Inna kamar yadda ya so.

Motar tana nan wurina. Mutane sun ce in sayar, na ce in sayar wa wa, ya je ya taka nasa uban? Na gyara kyamarar, na sa an ɗaura mata ƙararrawar baya mai ƙara irin ta manyan motoci, wadda duk layi ke ji. Na san malamai sun gaya mani kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da ƙaddara. Amma na san wanda ya tsaya a gaban motoci biyu aka yi masa bayani dalla-dalla ya zaɓi mai shiru, na san wanda ya bar makaho yana zargin kunnensa. Tsoron da nake ji na gaskiya ne, har yau ina jin sa duk lokacin da na hau hanyar Isa. Kuskurena shi ne na bar tsoron ya sa na ɗauki kowa infoma, har mahaifina.

Shi ya sa na rubuto. Motocin nan masu batir suna ƙara shigowa, kuma suna da amfani, ban ce kada a saya ba. Amma mu mutane ne da suka saba inji ya yi mana gargaɗi, tsofaffinmu da yaranmu da dabbobinmu duk da kunne suke kauce wa mota. Wanda zai saya ya tambaya ko tana ƙara in tana tafiya a hankali, in ba ta yi ya sa a ɗaura mata. Ya zagaya ta da ƙafarsa kafin ya shiga, ko da sauri yake. Ya gaya wa mutanen gidansa halinta, kada ya mai da shi sirri. Wanda kuma hanya ta tilasta wa ɓoye tafiyarsa, ya ɓoye wa duniya, amma ya shiga ɗaki ya raɗa wa iyayensa a kunne. Ni yanzu duk inda za ni, sai na tsaya a ƙofar gida na yi sallama da ƙarfi, har yarana na yi mani dariya. Idan na je ƙauye kuma, kafin in taso nakan taka motar har injin ya farka, in bar shi yana ɗumama, in zauna ina jira. Awaki su fito, kaji su watse, amma babu mai zuwa ya ɗora hannu.